Rediyo za a canza, ko sifika, ko a ƙara amfilifaya?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan Corolla ɗinsa ƙirar 2006, wadda har yanzu rediyon kamfani ne a jikinta. Da ya ƙara murya ta wuce rabi sai sauti ya fara tsagewa, ƙofa ta ɗauki karkarwa, bes, wato sauti mai kauri, kuwa babu labarinsa. Mai wayarin ya ce a sa rediyon Android mai allo, wani abokinsa ya ce wufa, wato sifikar da bes kaɗai take fitarwa, ita ce maganin abin. Kuɗin da ke hannunsa na abu ɗaya ne, yana son ya san wanne zai fara.

Malam, a gajarce: sifikun gaba, tare da gyaran ƙofar da za su zauna a ciki. Amma kafin ka cire ko sisi akwai abin da za ka duba, don sau da yawa laifin ba na rediyon ba ne.

Fara da abin da kake ba rediyon. In da ɗan abin nan da ake soka wa a ramin kunna sigari kake jin waƙa, wanda yake karɓa daga waya ya aika ta tashar FM, to tun daga nan sauti ya rage daraja. FM ba ya ɗaukar siririn sautin da ya wuce kilohaz 15 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, kilohaz kuma haz dubu ne), kuma waɗannan ƙananan na'urori suna ƙara nasu shuuu a kai. Haka waƙoƙin da ake tura wa mutane a memori a kasuwa, da yawansu MP3 ne da aka matse zuwa 128 kbps ko ƙasa da haka. Nemi faifan CD na asali ka saka. In sautin ya washe, ka gano ɓarawonka. Sai ka mayar da bes da tirebul, wato siririn sauti, tsakiya, don bes da aka murɗa har ƙarshe shi ne ke fara shaƙe ƙaramin rediyo. Daga nan ka juya sautin zuwa hagu kaɗai, ka juya dama kaɗai, gaba, baya, kana saurarar kowace sifika ita ɗaya. Wadda ta yage za ta tona kanta. In kuma ka ji bes ya fi ƙarfi a gefe ɗaya, da ka dawo tsakiya sai ya ɓace, to wani ya taɓa juya wayoyin sifika ɗaya: ɗaya na turawa, ɗaya na ja, suna cinye juna. Wannan gyaran minti goma ne.

To, mu jera su: sifika, rediyo, amfilifaya da wufa.

Sifikar kamfani a irin wannan mota kwali ce, da ɗan maganaɗisu wanda bai cika tafin hannu ba, da soso ko yadi a gefenta. Motar da ta kusa shekara ashirin, rabinsu a ranar Kano ko Maraɗi da gilashi a rufe, wannan gefen ya bushe ya tsattsage. Da ka cire murfin ƙofar za ka ga wani wurin yana marmashewa a yatsa kamar busasshen ganye. Ko wane irin rediyo ka ɗora wa wannan sifika, tsagewar nan tana nan, sai ma ta ƙara fitowa. Shi ya sa canza rediyo ba zai taɓa ciwon da ka kawo ba.

Shi rediyon, na kamfani da na kasuwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su ta fuskar ƙarfi. Rubutun "50W x 4" da ke jikin kwali ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido. Wutar mota bolt 14 ce da ɗoriya in inji na aiki, kuma ɗan guntun amfilifayar da ke cikin rediyo, wato abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ba ya iya matso fiye da wat 18 zuwa 22 na gaskiya, wato RMS, a kan sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta). Na kamfani yakan yi ƙasa da haka kaɗan. Ka ga bambancin ba wani na a zo a gani ba ne, don sai an ninka wat biyu kafin a sami ƙarin desibel 3 a ma'aunin ƙarar sauti, wanda kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari kawai. Abin da sabon rediyo na kirki yake kawowa daban ne: Bluetooth da USB da za su raba ka da ɗan abin ramin sigari, da matacin da ke hana bes mai zurfi shiga sifikun ƙofa, da ramukan RCA na haɗa amfilifaya nan gaba. Pioneer, Kenwood, Sony, JVC da Alpine duk suna yin wannan, in ka dace da na asali, don jabunsu sun cika kasuwa. Na Android masu araha kuwa allon kake saya. Da yawansu sautinsu bai kai na rediyon da ka cire ba, ga ƙugi da yake bin totur. In har sai shi, ka tambayi guntun da ke cikinsa: TDA7850 ko 7851 sun fi TDA7388, kuma a ce yana da DSP na gaske, wato guntun da ke daidaita sauti.

Corolla ɗinka da sauƙi, raminta yana karɓar rediyo mai hawa biyu da ɗan firam. Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 su ne a wahala, don rediyonsu haɗe yake da makunnan AC a fuska ɗaya. Su ma masu Camry ko Highlander da aka rubuta JBL a jikin sifikarsu su yi hattara, akwai amfilifayar kamfani a ɓoye, kuma sifikun irin wannan tsari sukan zo da om 2. In aka sa mai om 4 a gurbinsu murya raguwa take yi.

Yanzu sifikun. Ƙofar gaban motarka inci 6 da rabi take ɗauka, bayan kujera kuma 6x9. Mutane sun fi rugawa su sayi manyan 6x9 na baya saboda sun fi cika ido, alhali kai a gaba kake zaune. Karatun Alƙur'ani, tafsiri, labarai, muryar mawaƙi, duk daga gaba ya kamata su zo maka, ba daga ƙeya ba. Ka zuba kuɗin a gaba, na baya in ba su yage ba ka bar su.

Iri biyu ne. Akwai wadda tuwitarta, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ke dashe a tsakiyarta, a cire tsohuwa a ɗaura ta, shi ke nan. Akwai kuma mai rabe, wadda tuwitar ke zuwa daban da ɗan akwatin raba sauti, a dasa ta sama kusa da madubin gefe. Ta biyun ta fi daɗi nesa ba kusa ba, saboda siririn sauti miƙe yake tafiya, in ya fito daga ƙasan ƙofa ƙafarka yake doka. Sai dai ta fi tsada, ta fi cin aiki, kuma yawancinsu sun fi son amfilifaya. Tunda rediyon kamfani za ka ci gaba da amfani da shi, kada lambar wat ta ruɗe ka. Sifikar da aka rubuta wa wat 400 ba ta fi ƙara ba, abin da za ta iya jurewa ne aka faɗa, shi ma da ƙari. Lambar da za ka nema ita ce ta desibel: 90 zuwa sama, om 4. Mai desibel 87 tana buƙatar ninki biyu na wutar da mai 90 ke buƙata kafin su yi ƙara ɗaya. Nan ne mutane ke sayen sifika mai nauyi da tsada, su ɗora wa rediyon kamfani, su dawo suna cewa tsohuwar ta fi.

Wurin ɗaurawa shi ne inda aiki ke lalacewa. Sifika tana tura iska ta gaba, tana ja ta baya, in iskar biyu suka haɗu bes ya mutu. Dole ta zauna daram a kan zobe, babu kafa ko ɗaya a gefenta. Zoben roba mai tauri ya fi, don katakon MDF kumbura yake in ruwan damina ya bi gilashi ya sauka cikin ƙofa. Kafin a ɗaure noti a sauke gilashi har ƙasa a ga bai taɓa maganaɗisun ba. A liƙa soso siriri a zagaye tsakanin sifika da murfin ƙofa. Ledar nan da kamfani ya manna a jikin ƙofa kada a yar da ita, ita ke tare ruwa.

Karkarwar da ka ambata kuwa kwanon ƙofar ne ke amsawa. Ƙwanƙwasa shi da yatsa za ka ji yana kuka kamar garwa. Maganinsa shimfiɗar butil, wata irin roba mai manne, mai bayan gorar-ruwa: a goge kwanon tas ya bushe, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a manna a bayan sifika da tsakiyar faffaɗan wuri, a murje sosai. Ba sai an rufe ko'ina ba, rubu'i zuwa rabin filin ya isa. Kada a yarda da mai kwalta irin ta toshe yoyon rufin ɗaki. A zafin watan Afrilu narkewa take, ta zame ta taru a ƙasan ƙofa, motar ta yi ta warin titi.

Gane wayar da ke da alamar tarawa abu ne mai sauƙi. Taɓa batirin tocila mai bolt 1.5 a bakin sifikar na ɗan lokaci. In kwalin ya turo waje, wayar da ke kan batirin, wato gefensa mai alamar +, ita ce ta tarawa. Ban da tuwita, tana iya ƙonewa. Haɗin waya a yi shi da dalma ko soket, ba murɗawa da salatif ba, wanda zafi ke warwarewa cikin wata biyu.

Amfilifaya ita ce mataki na biyu, kuma ita ce ke kawo canjin da sabon rediyo ba zai kawo ba. Mai hanya huɗu, wat 50 zuwa 75 RMS kowace hanya, ta wadatar. Ba dole sai ka canza rediyo ba, akwai masu karɓar wayar sifika kai tsaye, akwai kuma ɗan akwatin da ke mayar da ita RCA. Amma aikinta ba na ɗan koyo ba ne. Wayar wuta daga batir take tasowa, mai kaurin geji 8 ga irin wannan, geji 4 da ta fi kauri in za a ƙara wufa, kuma fis ɗinta kada ya wuce santimita 45 daga kan batir. In babu shi, ranar da wayar ta goge a jikin bodi gobara ce. Ka kankare bakin wayar ka gani tun a shago: in cikinta fari ne, gorar-ruwa ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, sai an ƙara kauri. Wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, ta zama gajeriya, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure. Wayar RCA ta bi gefe ɗaya na mota, ta wuta ta bi ɗaya gefen. Yawancin kukan da ke tashi da totur daga at mara kyau yake zuwa. Maɓallin da aka rubuta wa "gain" ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne: a kai rediyo kashi uku cikin huɗu, a ɗaga shi a hankali har sauti ya fara ƙazancewa, a dawo baya kaɗan. Ƙure shi ne ke ƙona sifika. A kuma saita matacin sifikun ƙofa a kan haz 80, abin da ke ƙasa da haka ba aikinsu ba ne.

Wufar da abokinka ya ce, ita abin da ke ƙasa da haz 80 ɗin nan kaɗai take bayarwa, dukan ganga da ake ji a ƙirji. Ba ta gyara murya ko kaɗan. In ka sa ta yanzu, za ka sami but yana girgiza lambar mota, gaba kuma tsagewar nan tana nan yadda ka bar ta. Tana cin wuri, tana son tata amfilifayar, kuma wat 300 na gaskiya yana jan kusan amfiya 27 daga altaneta lokacin da ganga ta buga. In batirinka ya tsufa za ka ga fitila na lumshewa da dare. In lokacinta ya yi, inci 10 guda ɗaya a rufaffen akwati ta ishi Corolla, ko siririyar nan mai amfilifaya a jikinta da ake turawa ƙarƙashin kujera. In kuwa mafi yawan abin da kake ji karatu ne da labarai, ba ka da buƙatarta sam.

Ranar da za ka je saye, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka, ka tafi da tsohuwar sifikar a hannu don a gwada faɗi da zurfi, ka kuma tafi da faifan da kunnenka ya saba da shi. Ka ce a jona maka sabuwar a rediyo zalla, ba ta amfilifayar shago ba, don a haka za ta yi aiki a motarka.