Ranar da na manta jakata a tasi a Gwanzu

Ranar Talata bayan la'asar na sauka daga tasi a Shiyawbei, unguwar da mu 'yan Afirka muka fi taruwa a nan birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Sai da na hau bene na shafa kafaɗa na ji wayam. Fasfo ɗina na cikin jakar, ga kuɗin wani Alhaji na Kantin Kwari da ya aiko a saro masa shadda. Innalillahi. Ban riƙe lambar motar ba, ban karɓi rasit ba.

Na nufi ofishin 'yan sanda zuciyata kamar ta faɗo. Wani matashi a cikinsu ya zaunar da ni gaban allon kyamarorin tsaro na titi, muna magana ta manhajar fassara ta waya. Ƙarfe nawa ka sauka? A wace kwana? Ya yi ta mayar da hoto baya, sai ga ni da hulata zanna bukar ina fitowa daga motar. Ya zuƙo lambar, ya buga wa kamfanin tasin waya. Kafin isha'i direba ya kawo jaka, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Ba wanda ya ce in kawo na mai ko na takarda. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Amma akwai abin da har yau bai bar raina ba. Ban faɗi inda nake kwana ba, shi ya faɗa mini sunan ginin, domin doka ce duk baƙo ya yi rajistar masaukinsa cikin awa 24. Ya nuna mini fitata da safe, da tsayawata wajen mai burodi. Jikina ya yi sanyi. A 2017 an gwada irin waɗannan kyamarori da wani wakilin BBC a birnin Guyang na ƙasar nan, minti 7 kacal suka gano shi. Waɗanda suka ga watan Afrilun 2020 a nan, lokacin korona da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya suna kwana a titi, sun san yadda sanin masaukin mutum yake zama idan iska ta juya. Tun ranar, ko tsayawa gaisawa na yi a bakin titi sai idona ya kai kan falwaya.

Duk da haka haushin gida ya fi ci na. A 2010 aka ba da kwangilar kyamarorin Abuja ta dala miliyan 470, mafi yawa bashi ne daga ƙasar nan da nake zaune. Ina suke? A Kano ana soke yaro saboda waya da rana tsaka. Mai shago ya kafa kyamara, wuta na ɗaukewa ta mutu. In ma ta kama wani, kafin a kai hukuma an watsa fuskarsa a Facebook, ko shi ne ko mai kama da shi.

Ina kewar dattawan unguwarmu da ke kan dakali. Su ma ba baƙon da ke wuce su, amma za su amsa sallamarka, su tambayi mahaifinka, kuma sun san abin da ba a faɗa. Shaddar Alhaji dai ta shiga kwantena ranar Asabar, kuma har yanzu ban ba shi labarin nan ba.