Makaniken injin jirgi na bakin ruwan Yawuri, ya burge ni gaskiya

Ranar kasuwa muna tsakiyar kogin Kwara da kaya cike, kawai injina mai fo-sturok (irin wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur) ya fara ƙara ƙiiii, jar fitilar baƙin mai ta kama, injin da kansa ya rage gudu, gabana ya faɗi wallahi. Na kashe shi nan take, wani jirgi ya ja mu zuwa gaɓa.

Wani yaro ya ce in cire wayar ƙararrawar kawai in huta, Allah ya sa ban biye masa ba. Makaniken nan da na kai wa bai yi gaggawa ba, sai da ya miƙar da injin tsaye cak ya bar shi 'yan mintuna mai ya sauka, sannan ya zaro sandar awo ya goge da tsumma ya mayar ya sake zarowa, mai yana daidai, kuma bai yi fari kamar madara ba balle a ce ruwa ya shiga. Daga nan ya kwance suwic ɗin feresha (mai lura da ƙarfin bugun baƙin mai) ya ɗaura geji ya tayar, feresha lafiya lau. Ashe wayar suwic ɗin ce ta goge tana taɓa jikin injin, shi ya sa ƙararrawar take ihun ƙarya. Ya canza wayar, ya sa sabuwar filta da mai 10W-30.

Ya ce min, "Alhaji, duk ranar da ta sake kuka ka kashe injin tukuna, ko da kana zaton ƙarya ce."

Abin da bai min daɗi ba jira, mutane sun yi masa yawa kuma rumfar ba inuwa sosai, ka je da sassafe. Kuɗin aiki kuwa bai tsawwala ba ko kaɗan.