Fad ɗin birki na seramik a kan C300: ƙura ta ragu, amma sai da aka buɗe kalifa

Duk mai Marsandi C300 ya san baƙin abin nan da ke manne wa wilin gaba. Ka wanke mota ranar Asabar, kafin Laraba wilin ya koma kamar gindin tukunya. Wannan ba ƙurar hanya ba ce. Yawancinta garin ƙarfe ne da ke gogewa daga diskin birki, haɗe da garin fad ɗin kansa, wato abin da ke matse diskin idan an taka birki, kuma da zafi take fitowa, shi ya sa take kafewa a jikin fenti. Idan ta sha raɓa ko ruwan sama sai ta yi tsatsa, ta bar ɗigo-ɗigo ja wanda sabulu ba ya fitarwa. Gaba ya fi baya baƙi domin can nauyin mota yake zubewa idan an taka birki.

Wannan ne ya sa na cire fad mai haɗin ƙarfe na sa na seramik a gaba, yau wata huɗu ke nan. Ƙurarsa ba ta da yawa, kuma launin toka ce mai haske, ba ta kama fenti kamar ta da. Amma mako na farko ya kusa sa in mayar da shi wa mai shago.

Kwana bakwai da sakawa, wilin dama fes, na hagu kuwa baƙi ƙirin, har ya fi yadda yake a da. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne an haɗa mini jabu da na gaske a kwali ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin ba kaɗan ba ne. Ashe laifin ba na fad ba ne. Bayan tafiyar kilomita goma ba tare da taka birki da ƙarfi ba, idan ka kai tafin hannu kusa da wilin hagu, ba sai ka taɓa ba, za ka ji huci yana bugo ka, na dama kuma da ɗumi kawai. Da aka ɗaga motar da jak aka juya tayar da hannu, ta hagu ko zagaye ɗaya ba ta cikawa take tsayawa. Birkin ba ya saki.

Da aka kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a jikin diski, sai ga dalili. Kalifar tana zamewa ne a kan fin guda biyu, ɗaya daga ciki ya cije, sai da aka sa filaya aka murɗo shi. Robar da ke rufe shi ta kumbura ta yi laushi, alamar an taɓa shafa mata girishin da ake sa wa boris. Irin wannan girishi daga man fetur ake yin sa, yana kumbura roba, robar ta shaƙe fin ɗin. Kalifa ta kasa komawa mazauninta, fad ya yi ta gugar diski ko da ƙafarka ba ta kan birki. A mako guda har bakin fad ɗin ciki ya fara cin gefe ɗaya. Wanda ya saka sabon fad ɗin tura fistin kawai ya yi ya ɗaure, bai ko zare fin ya duba ba, kuma wannan sakaci har yanzu yana ci mini rai, don aikin minti goma ne.

Gyaran: a zare fin biyun, a wanke da feshin wanke birki, a goge tsatsa da samfefa mai laushi, a sauya robar, a shafa girishin silikon kaɗan. A kankare mazaunin kunnen fad da buroshin waya har fad ya riƙa zamewa da yatsa. Kada ko ɗigon girishi ya taɓa fuskar fad ko diski. A duba kaurin diski da lambar da aka buga a gefensa, inda aka rubuta MIN TH, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Idan ya kai nan ko ya yi kwari-kwari, sabon fad ba zai zauna daidai ba. Notin taya na wannan mota 130 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake ɗaure shi. Sannan a zaunar da fad ɗin: a hanya marar cunkoso, ka kai gudun kilomita 60 a awa ka taka birki matsakaici zuwa 10, kamar sau takwas zuwa goma, ba tare da ka tsaya cak ba, sai ka yi tafiyar 'yan mintuna ya huce.

Tun daga nan wili biyun suka daidaita. Mako biyu ba wanki, abin da ke kansu ƙurar hunturu ce kawai, ruwa da tsumma suna ɗauke ta. A nan kam na yaba.

Sai dai kar a ce ban faɗa ba: kamun birkin ya sauya. Da sanyin safiya, takun farko ba ya cafkewa nan take kamar na da, sai ka ƙara danna ƙafa. Mai yawan doguwar tafiya da kaya da gudu, irin Kano zuwa Kaduna, ya yi tunani tukuna, domin mai haɗin ƙarfe ya fi jure zafi. Kuma kwalin bai zo da wayar nan da ke kunna fitilar gargaɗin fad ba, daban aka saya, mai shago bai faɗa ba sai da aka kwance mota.

Tsohuwar ƙurar da ta riga ta kafe, sauya fad ba ya cire ta. Maganin narkar da ƙarfe ake fesawa, wanda ke komawa shunayya idan ya haɗu da ita, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A inuwa, wili da sanyi, minti uku zuwa biyar, a goga da buroshi mai laushi a ɗauraye kafin ya bushe. Bayan nan a shafa kakin mota don wankin gaba ya yi sauƙi. Ka hana masu wanki sa asid ko soson ƙarfe, suna cinye fatar fentin, ƙura ta samu maɓoya. Farantin kariya da wasu ke sa wa a bayan wili kuwa ban yarda da shi ba, yana tare iskar da ke sanyaya birki.

Ga mai yawo cikin gari zan ce ya saya, amma ya tsaya a kan bakanike har ya ga an zare fin biyun da idonsa.