Sharhi kan mai sabunta batirin diril a Sabon Gari

Masu tambayata kan yaron nan da ke sabunta batiran diril a Sabon Gari, to ga abin da na gani da idona. Batira biyu na kai masa, 18V na Makita, duk sun daina riƙe caji, kuma kun san kuɗin sabo orijinal yanzu ba a magana.

Gaskiya da farko ya burge ni. A gabana ya kwance na farkon, 'ya'yan batir masu girman da ake kira 18650 ne guda 10 a ciki, bibbiyu layi biyar, ya sa mita ya bi su ya nuna min layi ɗaya ne ya faɗi ƙasa da 2V sauran na nan wajen 3.6, wai shi ya sa caja take ƙin karɓa. Ya ce ba a gwama sabo da tsoho, ya kwashe duka ya zuba sababbin 'ya'yan batir ƙirar Samsung 25R ya kama su da ɗan injin nan mai ɗiga walda. Wannan kam har yau lafiya lau, ina wuni ina ɗaure kwano da shi.

Na biyun ne ya ɓata min rai. Ya ce kaya sun ƙare in bari in dawo, na dawo na karɓa fitila huɗun jikinsa masu nuna yawan caji duk a kunne. Ina saman rufi a Hotoro muna kafa ƙarfen sola, rana tana dukan mutum, na sa shi a injin yankan ƙarfe, faifan yana taɓa ƙarfe sai ɗif, in saki in sake dannawa ya ɗan juya ya sake ɗaukewa, ga batirin ya yi zafi har ba ya riƙuwa, ga babu wuta a unguwar, ga Alhaji mai gidan tsaye a ƙasa yana kallona. Sai janareta na yo haya da kuɗina.

Da na kwance shi a gida, wallahi tsofaffin batiran laftof ne a ciki, kala-kala, an liƙe su da dalma, ɗaya ma rigarsa ta yage. 25R yana ba da ƙarfin wuta har amfiya 20, irin na laftof da ƙyar ya ba da 5, ta ina zai ja injin yanka? Kuma abin nan a ɗaki nake cajinsa inda yarana suke kwana, wannan ne ya fi tsaya min a rai.

Na koma, wai "Oga yi haƙuri, yarona ne ya haɗa". Ya canza, amma sai da ya nemi ciko. Aiki kam ya iya, in za ka tsaya a kansa har ya rufe to ka kai. Ni dai ko murfin bai mayar min daidai ba, kusoshi biyu sun ɓata ya naɗe da salatif, kuma kuɗin janaretan har yau bai ce komai a kai ba.