Kafin ka biya kuɗin wuƙar aljihu, rufe ta ka leƙa cikinta

Wuƙa mai naɗewa ta farko da na saya da kuɗina, sai da ta yi sati biyu a aljihuna kafin na lura da wani siririn zane a gefen ruwanta, kamar an ja da allura. Na rufe ta, na ɗaga ta saitin haske. Ashe tsinin ya kwanta ne a jikin bango ɗaya na ƙotar, ɗaya gefen kuwa sarari ne har ƙwayar shinkafa ta shige. Duk buɗewa da rufewa, ƙarfe na cin ƙarfe. Da na yi wannan leƙen a shago, da ban zaro kuɗina ba.

'Yar karkata kaɗan ba aibi ba ce. In ruwan ya gusa gefe amma bai taɓa komai, wuƙar za ta yanka igiya da nama yadda ya kamata, ido ne kawai ba zai ji daɗi ba. Tambayar mai saye ita ce: ranar da ta fara guga, tana gyaruwa ko kuwa?

Amsar tana gaɓa, wato inda ruwan ke juyawa. Wasu wuƙaƙen da ƙusa ake daddale gaɓarsu, irin su Victorinox ta Suwizalan, da Opinel da ake yi a Faransa tun 1890, da Okapi wadda aka fara ƙerawa a Jamus kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Suna da sauƙin kuɗi da juriya, amma yadda ka same su haka za ka zauna da su, domin babu abin kwancewa. Mai son irin wannan ya ce wa mai shago ya fito da guda uku ko huɗu, ya rufe kowacce ya zaɓi wadda ta fi zama tsakiya. Opinel kuma ƙotarta katako ce, da damina takan kumbura ta riƙe ruwan gam, ba lalacewa ba ce.

Masu noti su ne ke karɓar gyara, amma su ma hali ya bambanta, kuma makulli, wato abin da ke riƙe ruwan kada ya naɗe idan an buɗe, shi ne ke raba su. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne laina-lok, fallen ƙarfe a cikin ƙota mai faɗawa bayan ruwan idan an buɗe, wanda Michael Walker ya inganta a 1980. Ɗan uwansa firem-lok, da Chris Reeve ya yi suna da shi a wuƙarsa Sebenza, jikin ƙotar ne da kansa ke wannan aikin. Su biyun daga gefe ɗaya suke danna ruwan ko da wuƙar na rufe. Shi ya sa da zarar notin gaɓa ya ɗan saki, sai ka ga tsinin ya gudu daga ɓangaren makullin ya nufi ɗaya bangon. Mai makulli a baya, irin Buck 110, daga ƙeya yake dannawa, na Axis na kamfanin Benchmade kuwa sanda ce da ta ratsa ɓangarorin biyu. Waɗannan ba su da wannan turin na gefe guda. Ban ce a guji laina-lok ba, ita nake riƙewa, sai dai mai ita ya san zai riƙa duba noti.

Sai abin da ke tsakanin ruwan da ƙotar. Akwai masu washa ta roba, akwai ta tagulla, akwai masu boris. Boris ya fi daɗin buɗewa, taɓi ɗaya ta fito, amma ƙurar hunturu ba ta raga masa: kwana kaɗan ka ji gaɓar na ƙaras-ƙaras kamar an zuba yashi. Roba tana lotsewa da daɗewa, ruwan ya fara lilo. Ni tagulla na zaɓa, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya ishe ta.

Wanda ya sayi mai noti, ya haɗa da sukundireba mai bakin tauraro, Torx. Galibi T6 ne ke kwance notunan ƙota, T8 ko T10 na gaɓa. Nan kam araha ba ta ado. Na taɓa sayen saiti mai arha a wani shago, bakinsa ya murɗe a juyi na biyu ya cinye mini kan noti, na kwana uku ina fama kafin ya fito.

Gyaran da kansa ba wuya. Fara da ɗaure notin gaɓa kaɗan-kaɗan, kana rufewa kana dubawa, sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. In ya ƙi, sassauta na gaɓa da na ƙota duka ba tare da ka cire su ba, ka ninke takarda ka cusa tsakanin ruwan da bangon da yake guga har ya wuce tsakiya, sannan ka ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ka zare takardar. In notin na yawan saki, ɗiga masa gam ɗin riƙe noti mai suna Loctite, shuɗi, lamba 242 ko 243. Kada ka kusanci ja, shi sai an gasa da wuta yake saki.

Akwai wadda duk wannan ba ya yi mata magani, ita ce wadda ruwanta ya lanƙwashe tun wajen ƙira. Ana gane ta a tsaye a shago: buɗe wuƙar, ka kai ƙeyar ruwan saitin idonka, ka bi ta da kallo daga gaɓa zuwa tsini. In ka ga tsinin ya bauɗe, miƙa wa mai shago abinsa. Kama tsinin kuma ka girgiza shi hagu da dama a hankali, kada ka ji yana motsi.

Tawa ta farkon, da na yi mata wannan kallon, ruwanta a miƙe yake. Kwatan juyi notin gaɓa ke nema. Zanen dai yana nan a jikinta har yau.