Ya goge mini dalar 1986 wai don ta ƙara ƙyalli

Kwandalolin azurfa uku na yi oda a wajen wannan mai sayarwa ta intanet, amma maganar gaskiya guda ɗaya ce ta kai ni: dalar da Amurka ta buga a 1986 don tunawa da cikar mutum-mutumin 'yanci na New York shekara 100. Sauran biyun, ta Meziko da ta Afirka ta Kudu, cikon kaya ne kawai, tunda kuɗin aike ɗaya ne.

Masu tara irin waɗannan sun san abin da ake nema a wannan dala. Azurfar cikinta kashi 90 cikin ɗari ce, nauyinta giram 26.73, ko oza ɗaya ba ta kai ba. Wanda ke neman azurfa zalla ba nan zai zo ba. Zanen ake saya. Ga matar nan da Faransa ta bai wa Amurka kyauta tsaye da fitilarta a sama, bayanta kuma ga ginin tsibirin Ellis, inda baƙi kusan miliyan 12 suka bi suka shiga ƙasar tsakanin 1892 da 1954. Wadda na zaɓa irin bugun musamman ɗin nan ce, wadda filinta ke sheƙi kamar madubi, zanen kuma ya fito fari-fat a kai. Haka take a hoton da ya saka, haka kuma ya rubuta: ba a taɓa ta da hannu ba.

Da na buɗe na ga ƙyallin ya yi yawa, irin wanda ke ɗauke ido. Na kai ta gaban fitila na karkata ta. Wayyo! Filin gaba ɗaya siraran layuka ne, zagaye-zagaye, tun daga gefen rawanin matar har kan rufin ginin. Farin nan da ke raba zane da fili ya tafi, fuska da riga da sararin sama duk sun koma launi guda. An sa tsumma da man goge ƙarfe an dirje ta. Kwalin robar da take ciki ma ba nata ba ne, ya yi mata girma, tana ta kai-komo a ciki.

Na tura masa hotuna. Bai ma yi musu ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Wai ta ɗan yi duhu a gefe ne shi ya sa ya “gyara” mini ita, kuma in auna in gani, azurfata ba ta ragu ba. Na ce masa, Malam, wannan duhun ai shi ne shaidar shekarunta. Azurfa takan canza launi idan ta daɗe tana haɗuwa da sinadarin sulfa da ke cikin iska, akwai ma masu tarawa da suka fi son ta a haka. Duhu ba ya taɓa zane, amma abin da tsumma ya kankare ba ya dawowa. Garin neman gira an rasa ido. Mutumin da ke sana'ar nan a ce bai san wannan ba? Ko dai ya sani, ya ɗauka ba zan duba ba.

A daren nan tauraro ɗaya na yi niyyar ba shi. Ta Mezikon ce ta sassauta ni, domin ban taɓa riƙe irinta, wadda ake kira Libertad, a hannu ba, kuma hoto bai yi mata adalci ba. Oza ɗaya ce cif, giram 31.1, sikelina ya tabbatar, maganaɗisu bai kama ta ba. A fuska ɗaya ga mutum-mutumin mace mai fukafukai na saman ginshiƙin da aka kafa a birnin Meziko a 1910, bayanta duwatsu biyu masu aman wuta, Popocatépetl da Iztaccíhuatl. Ɗaya fuskar ce ta zaunar da ni: gaggafa a kan tsiron ƙaya tana cin maciji, alamar da aka ce Aztek, mutanen dā na ƙasar, suka gani suka kafa birninsu a wurin, kewaye da ita kuma ƙananan tambura goma, irin sauye-sauyen da tambarin ƙasar ya yi a tarihi. Wata gaggafar da kambin sarauta, wata babu. Mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma sai ya ga daula ta zo ta wuce a faɗin abin da bai kai tafin hannu ba. Ba a ma rubuta mata darajar kuɗi ba, nauyi da tsarkin azurfa kawai. Wannan lafiya lau ta iso, ba ko tabon yatsa.

Ta Afirka ta Kudun ma, wato Krugerrand, ba laifi. Barewar da ke jikinta ta fito da kyau, ko da yake har yanzu ina mamakin yadda kan Paul Kruger, shugaban Turawan Boer na zamanin dā, ya ci gaba da zama a ɗaya gefen bayan duk abin da ƙasar ta sauya.

To amma da na jera su uku a kan tebur, sai dalar ta ƙara muni kusa da 'yan'uwanta, raina ya sake ɓaci. Ga shi ya ce in ina son mayarwa sai dai in biya kuɗin aike da inshora daga aljihuna, alhali hannunsa ne ya yi ɓarnar. Kuma har yau hoton nan na farko, na kafin a goge, shi ne a shafinsa yana tallar wasu da shi.

Tauraro biyu, dukansu na Libertad ne. Wanda zai saya a wajensa ya nemi sabon hoto na ainihin kwandalar da za a aiko masa, a karkace a gaban haske, kuma ya tambaye shi a rubuce ko an taɓa goge ta.