Eko da MRI a gazawar zuciya: me kowanne yake gani?

Ƙanwata, kin tambaya: tunda eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ya riga ya nuna zuciyar majinyaci ta yi rauni, me ya sa babban likita zai sake tura shi hoton MRI, wanda ake ɗauka da maganaɗisu? Kuma ke da kike neman ƙwarewa, wanne za ki fara koya?

Eko ne na farko, wannan ba abin gardama ba ne. Ana tura na'urar har bakin gado, cikin kamar rabin awa an gama. Zai ba ki EF, wato kason jinin da ɗakin hagu na ƙasa ke turawa a kowane bugu: 40 cikin ɗari ko ƙasa da haka, ƙarfin matsawa ya ragu, 50 zuwa sama bai ragu ba, ko da alamomin ciwon suna nan. Wajen ƙofofin zuciya da gudun jini ta cikinsu kuwa, har yau shi ne gwani. Cikas ɗinsa, leƙe yake yi ta tsakanin haƙarƙari. Idan majinyacin mai jiki ne ko mai ciwon huhu, sai ki yi ta karkata hannu hoton na fitowa hazo-hazo, mutum biyu su auna zuciya ɗaya su kawo lamba biyu. Ba ƙaramin abu ba ne idan lambar tana yawo kusa da 35, inda ake fara maganar dasa na'urar da ke farfaɗo da zuciya in bugunta ya rikice.

MRI ba ruwansa da haƙarƙari, awonsa ya fi daidai. Amma ba don awo nake son sa ba, don yana ganin naman zuciyar kansa ne. Ana yi wa majinyaci allurar gadoliniyam, sinadarin da ke haska tabo a hoto, a jira minti 10 zuwa 15, sai tabo ya fito fari fat a jikin tsoka baƙa. Inda farin ya zauna shi ne labarin. Idan ya faro daga bangon ciki, yana bin yankin jijiya ɗaya, toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta jawo. Idan siririn layi ne a tsakiyar bango, an fi zargin ciwon tsokar kanta. Idan ta bangon waje ne, a tuna da kumburin tsoka. Amiloyid kuma, wani gurɓataccen furotin da ke taruwa a tsokar zuciya, yakan zagaye bangon ciki gaba ɗaya. A eko, da yawa cikin waɗannan kamarsu ɗaya, alhali maganinsu ya sha bamban. Kaurin tabon ma magana ne: wanda ya ci fiye da rabin bango, da wuya wurin ya farfaɗo ko an buɗe jijiyar.

Akwai kuma awon T2* ga waɗanda aka daɗe ana yi musu ƙarin jini, irin masu talasimiya (ciwon ƙarancin jini na gado) da wasu masu sikila. Ƙasa da milisakan 20, sinadarin ƙarfe ya fara taruwa a zuciya. Ƙasa da 10, abin ya yi tsanani. Wannan ko allura ba ya buƙata.

Sai dai fa ki dubi majinyacinki kafin ki cike takarda. Zai kwanta rigingine a cikin rami mai ƙara na kusan awa guda, ana ce masa ya riƙe numfashi sau da yawa. Wanda ruwa ya cika wa huhu, yake kwana bisa matashi uku, ba zai iya ba sai an rage ruwan. Bugu mara tsari yana ɓata hoton. Idan eGFR, wato awon aikin ƙoda, ya gaza 30, a yi hattara da gadoliniyam. Mai na'urar daidaita bugu a ƙirji kuma sai an tantance irin tasa. Ni dai idan sakamakon ba zai sauya abin da zan ba shi ba, ba na wahalar da shi.

Batun koyo, fara da eko, kullum za ki riƙe shi. Horon MRI na zuciya mataki uku ne, kuma sai a na biyu, bayan aƙalla wata uku kina karanta hotuna a gaban ƙwararre, ake barin ki ki rubuta rahoto da kanki. Kafin nan, duk majinyacin da kika tura, ki bi shi ɗakin karatun hoton da takardar ekonsa a hannu, ki ajiye su gefe da gefe.